Babi Na Shida: “Kai” Ko “Ke”, Lamiri Da Mutanen Tsakani

Duk wanda ya zauna a Dutse Uku, wato unguwar nan ta Jos ta Arewa da ke maƙwabtaka da Nasarawa Gwong da Unguwar Rukuba, ko da zaman nasa bai wuce na ’yan kwanaki ba, lalle zai ji wata irin Hausa wadda malamin nahawu na Kano ko na Sakkwato zai so ya ɗauki alƙalami ya bi ta da gyara, alhali kuwa ita ce ke ɗauke da cinikin unguwar da gaisuwarta da sulhunta tun zamanin da aikin kuza ya tara ƙabilu a kan wannan tsauni. A nan ne mace daga cikin Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, za ta dubi maƙwabciyarta ta ce mata “ka kwana lafiya?”, a nan ne kuma dattijo zai ba da labarin ’yarsa ya ce “ya tafi makaranta”, ba kuwa wanda zai ɗaga kai, balle ya ce an ci masa mutunci. Dalilin haka a fili yake, domin harsunan Afizere da Anaguta da Birom ba su raba lamirin namiji da na mace ba, kamar yadda Yarbanci da Iyamuranci da Fulatanci da Barbarci ba su raba ba, saboda haka wanda ya tashi da ɗayansu a bakinsa, in ya zo Hausa, sai ya ɗauki lamiri guda ya yafa wa kowa. Mutanen wannan unguwa sun ga fitina mai tsanani, har sunanta ya shiga jaridun duniya a watan Janairu na 2010 sa’ad da rikici ya faro daga cikinta, amma a cikin dukan abubuwan da aka taɓa saɓani a kansu, kiran mace da “ka” bai taɓa zama ɗaya ba.

To, amma a wannan gari dai, a bakin tasha ko a rumfar mai tuwo, in wani namiji mai gemu ya juya ya ce da abokinsa “ke, kin ga abin da ta yi mini?”, alhali wanda ake magana da shi da wanda ake maganarsa duka maza ne, sai ka ga fuskoki sun sauya, wani ya yi dariya, wani ya yi tsaki, wani ya nemi tsari. Kuskuren nahawu iri ɗaya ne, in har kuskure za a kira shi, sai dai na farko an san rashin sabo ne ya kawo shi, na biyu kuwa an san da niyya aka yi shi. Wannan ya nuna mana tun daga farko cewa abin da ke tayar da hankalin jama’a game da lamiri, ko wakilin suna kamar yadda ake faɗa a makarantun boko, ba ƙa’idar harshe ba ce, abin da mai magana ya nufa game da kansa ne.

Na kawo wannan ne domin mas’alar da ta cika bakin Turawa a ’yan shekarun nan, wadda da yawa daga cikinmu suke jin ta kamar labarin wata duniya. A ƙasashensu akwai mutanen da suka bayyana cewa su ba su ɗauki kansu maza ba, ba su kuma ɗauki kansu mata ba, ko kuwa suna jin kansu a wani matsayi tsakanin biyun. Zan riƙa kiransu mutanen tsakani don sauƙin bayani. Da yake Ingilishi yana raba namiji da mace a lamirin wanda ba ya nan, sai suka nemi mafita, mafi yawansu kuwa suka koma ga kalmar they, wadda asalinta ta jam’i ce, ko da yake tun ƙarni na 14 marubutan Ingila ke amfani da ita ga mutum guda in ba a san ko wane ne ba. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya shigar da wannan sabuwar ma’ana a 2019, ya kuma zaɓi kalmar a matsayin wadda ta fi tashe a shekarar. Wasu kuma ba su gamsu da aron tsohuwar kalma ba, sai suka ƙago sababbi fil, irin su xe da ze da fae. Ƙagen ma ba yau aka fara shi ba: wani lauyan Amurka, Charles Crozat Converse, wanda ya tsara karin wata waƙar ibada da ake rerawa a majami’u ko’ina har da na Jos, ya ƙago thon tun 1858, kalmar ta shiga babban ƙamus ɗin Webster a 1934, aka fitar da ita a 1961 saboda bakin mutane ya ƙi ɗaukarta. A Suwidin kuwa hen, wadda aka gina a kan lamirin maƙwabtansu na Finlan, ta yi sa’a ta shiga ƙamus ɗin hukumar harshensu a 2015. A Faransa, da ƙamus ɗin Le Robert ya shigar da iel a 2021, sai da ministan ilimi na lokacin, Jean-Michel Blanquer, ya fito ya yi suka.

Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, su kansu mutanen tsakanin bakinsu bai zo ɗaya ba a kan waɗannan sababbin kalmomi. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Trevor Project, da ta tambayi dubban matasa masu irin wannan hali da makamantansa a 2020, ta sami kimanin huɗu ne kawai cikin ɗari suke amfani da ƙagaggen lamiri. Masu son sa suna kafa hujja da cewa lamirin jam’i yana dulmiyar da mutum cikin taro, yana kuma kawo ruɗani a zance, su kuwa suna son kalmar da ta keɓanta da su kamar yadda namiji da mace kowa ke da tasa. Masu ƙin sa, waɗanda su ma ’yan cikin gida ne, suna ganin ɗora wa jama’a haddar kalmar da ba su taɓa ji ba nauyi ne da zai jawo ba’a, ya kuma ɓata ɗan sauƙin da aka fara samu daga iyaye da abokan aiki. Akwai ’yan kaɗan da suka zaɓi it, lamirin da Ingilishi ke ba dabba da dutse, suna cewa sun karɓe shi ne don su cire masa dafi, alhali wasu da aka sha jifa da wannan kalma don wulaƙanci ba sa iya jin ta ba tare da zuciyarsu ta sosu ba. Akwai kuma waɗanda suka ce a kira su da kowanne, ba su damu ba. Wanda ya fahimci wannan saɓani zai daina ɗaukarsu kamar runduna guda mai tuta guda, zai gan su mutane ne masu neman yadda za su zauna da harshen da suka tarar.

In muka dawo gida, sai mu ga Hausa ta fi Ingilishi tsanani nesa ba kusa ba. Bature yana iya zama da mutum yini guda suna hira bai furta abin da zai nuna ko namiji ne ko mace ba, domin lamirin wanda ake fuskanta a harshensa ɗaya ne. Bahaushe kuwa tun daga gaisuwar asuba aka tsare shi: ko dai “ka tashi lafiya” ko “kin tashi lafiya”, ko “ranka ya daɗe” ko “ranki ya daɗe”. Bambancin kuma bai tsaya a kalma guda da za a cire a sa wata ba, ya ratsa ginin jumla gaba ɗaya, yana cikin kana da kina, da naka da naki, da ya da ta, da wani da wata, da dogo da doguwa, har ma “ni”, wadda ba ta da jinsi, da zarar mutum ya so ya tabbatar da kansa sai ya zaɓa tsakanin “ni ne” da “ni ce”. Saboda haka wanda ya yi niyyar ƙaga wa Hausa lamiri na uku, ba kalma ɗaya zai ƙaga ba, sai ya sake saƙa zaren harshen daga wannan gefe zuwa wancan, ni kuwa ban ga alamar masu harshen za su karɓi wannan saƙa ba, ban kuma ga dalilin da zai sa a zarge su in sun ƙi.

Duk da wannan tsanani, ƙasar Hausa ta daɗe da mutanen da suka sami hanyarsu a cikinsa, su ne ’yan daudu. Ana danganta sunansu da Ɗan Galadima na bori, wanda ake yi wa laƙabi da Daudu, kuma a fagen bori ne ma aka saba da jin an kira mace da lamirin namiji matuƙar iskan da ya hau ta namiji ne. An san su da sana’ar abinci a tashoshi da kasuwanni, da suyar kaji, da rawa a wurin biki, da zama a gidajen mata masu zaman kansu, an kuma san su da kaifin harshe a habaici da karin magana wanda ko matan da suka koya daga gare su sukan sara musu. Garuruwan bariki irin Jos, inda aikin kuza da jirgin ƙasa suka tara gwauraye masu kuɗin mako a aljihu kuma ba mai dafa musu, nan ne kasuwarsu ta fi ci. Wani masanin harshe Ba’amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya kuma wallafa littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us, inda ya bayyana yadda suke kiran juna da sunayen mata, da “ƙawa”, da yadda babba ke zama uwa ga ƙarami, da kuma zaurancensu da suke kira yaren harka, wanda a cikinsa mai ido shi ne wanda ya san sirri, makaho kuwa wanda bai sani ba.

Wajibi ne a nan a yi hattara, kada a ɗauki rigar wasu a sa wa wasu. Mafi yawan ’yan daudu ba su ce su ba maza ba ne. Suna sallah a sahun maza, da yawansu suna da mata da ’ya’ya, wasu sun sauke farali ana kiransu Alhaji, kuma in ka tambaye su game da “ke” da “ita” da suke yi wa juna, sau da yawa amsar ita ce wasa ne. Sai dai wasa ne mai ƙa’ida, wanda ke da lokacinsa da wurinsa da waɗanda aka yarda su shiga. “Ke” ɗin da ke fitowa daga bakin ƙawa alamar kusanci ce da amana, amma ita ɗin dai in ta fito daga bakin yaron mota da ke son ya ba ’yan kallo dariya, zagi ce, kuma ɗan daudu zai karɓe ta a matsayin zagi. A gaban surukai, ko a wurin zaman makoki, ko in maganar bashi ta taso, sai lamirin ya koma na maza ba tare da an yi shawara ba. Su ma kuma ra’ayinsu ya rabu, kamar na takwarorinsu na ƙetare: akwai wanda ba ya jin daɗin zama sai an kira shi da sunansa na mata, akwai wanda yake ganin yin haka a bainar jama’a tonon asiri ne da jawo wa kowa masifa, akwai kuma wanda girma ya zo masa ya ce a daina. Bambancin da ke tsakaninsu da Turawan shi ne su ba su ƙago kome ba, ba su kuma nemi jama’a ta sauya bakinta ba. Lamiran nan biyu da harshe ya ba su, su suka riƙa kai da komo a tsakani.

Jama’a kuwa ta riƙe su da hannu biyu masu saɓani, tana cin abincinsu tana gayyatarsu biki, tana kuma la’antarsu. Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi waƙa ta musamman yana sukarsu, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya yi fim yana kwaikwayonsu, mutane suka cika gidajen kallo suna dariya. Daga shekarar 2000, da jihohi 11 na Arewa suka bi sawun Zamfara wajen faɗaɗa aiki da shari’a, sai zama ya yi musu wuya a garuruwa da dama, wasu suka tattara tukwanensu suka nufi inda dokar ba ta kai ba, Filato kuwa ba ta cikin jihohin. A watan Agusta na 2007 aka kama maza 18 a Bauchi, maƙwabciyar Jos, bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, kuma ko da yake dokar ba ta ambaci lamiri ba, ta sa kalmar da a da ake ji a yi dariya a wuce ta zama abin da maƙiyi zai iya riƙewa ya kai ƙara. Wannan ya sa “ke” ɗin ta ƙara shigewa ɗaki.

Mai karatu Musulmi zai tambaya, kuma yana da haƙƙin tambaya, ina matsayin addini. Hadisin da Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas a kan la’antar maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza, sananne ne, ba kuma mai iya kau da shi. Amma malamanmu na farko ba su tsaya a nan suka rufe littafi ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, da ya zo kan ƙissar muhannasin nan, wato namiji mai ɗabi’ar mata, da ke shiga ɗakin Ummu Salama, wanda aka hana shi shiga bayan an ji ya siffanta ’yar Gailan gab da yaƙin Ɗa’ifa, ya raba irin waɗannan mutane gida biyu, wanda aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata ba da yin kansa ba, wanda ba zargi a kansa, da wanda ya ƙaƙaba wa kansa da gangan. Game da huntha kuwa, wato mata-maza, wanda shi lamarinsa na halittar jiki ne ba na ɗabi’a ba, fuƙaha’u sun yi masa babi, suka tsara masa wurin tsayuwa a sallah tsakanin sahun maza da na mata, kuma Muhtasar na Shehu Halil, wanda almajiran fiƙihu na ƙasar nan ke ɗauka a matsayin ƙololuwar karatu, da mas’alar gadonsa ya cika, inda aka ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace matuƙar al’amarinsa ya rikitar. Abin da ke ba ni sha’awa a nan shi ne natsuwar waɗannan bayin Allah. Sun ga mutum wanda bai shiga ɗayan gida biyun ba sosai, ba su yi masa ihu ba, ba su ce babu shi ba, sai suka zauna suka ƙididdige masa haƙƙinsa har zuwa ƙwayar dirhami. Su ne kuma suka koya mana a nahawu cewa mu’annasi akwai na haƙiƙa akwai na majazi, domin ba don rana mace ce muke cewa “ta faɗi” ba, ba kuma don sarki ya rasa mazantaka ba maroƙa ke kiransa giwa su ce “ta taso”.

Ra’ayina, wanda ba na ɓoyewa, shi ne ba a tilasta wa mutum ya furta abin da zuciyarsa ta ɗauka ƙarya ne ko saɓo, kuma wanda imaninsa ya hana shi ce wa namiji “ke” ba za a kira shi azzalumi don wannan ba. Amma tsakanin ƙin faɗar kalma da mai da ita makami akwai rata mai faɗi, Suratul Hujurati kuwa ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi ba tare da ta ware wanda ya halatta a yi wa ba. Hausa ma, da duk tsananinta, ta bar ƙofofi a buɗe waɗanda kunya da ladabi suka gina tun kafin wannan muhawara. Muna da “an”, wadda da ita ake gai da wanda ake jin nauyinsa, a ce “an tashi lafiya?”, “an dawo?”, ba namiji ba mace. Muna da “ku” da “su” na girmamawa, da ake ba mutum guda. Muna da “mai”, wadda ke zama a kan kowa, mai gida da mai ɗaki, mai tuwo da mai shayi. Al’ummar da uwa ke iya shekara da shekaru ba ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, kuma zance bai taɓa tsaya mata ba, ba za ta rasa yadda za ta yi magana da maƙwabci ba tare da ta yi ƙarya ko ta kunyata shi ba.

Mas’alar kuwa ta riga ta iso teburin masu rubutu da fassara, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Akwaeke Emezi, mai rubutun ƙagaggun labarai daga Umuahiya da Aba, sun wallafa Freshwater a 2018, littafin ya shiga jerin farko na gasar Women’s Prize ta Ingila a 2019, sun kuma bayyana cewa su ba namiji ba ne ba mace ba, suna danganta halinsu da ogbanje na al’adar Ibo, abin da ya yi kusa da wabi a wurinmu, suka nemi a riƙa ambatonsu da lamirin jam’i. Ɗan jaridar Hausa da aka ba labarinsu ya fassara don rediyo dole ya yanke hukunci kafin a kunna masa makirufo, domin ko “marubuci” da “marubuciya” sun rabu. Mai karatu zai lura da abin da na zaɓa a jumlolin da suka gabata, zai kuma iya auna wa kansa ko sun yi masa nauyi a baki. Haka zan yi a sauran babobin littafin nan duk inda irin wannan suna ya zo. ’Yan daudu kuwa zan ci gaba da rubuta su da “shi” da “ya”, domin da haka suke gabatar da kansu ga wanda ba na cikinsu ba, sai fa inda nake kawo maganarsu da junansu, a nan zan bar ta yadda suke yin ta.